Waiwaye: Yadda Ake Gane Dashen Ɓargo Ya Kama

Manomin tumatir a Kadawa yana gane dashensa ya kama da zarar ya ga ganye ya miƙe. Likitan da ya yi wa mai sikila dashen ɓargo ba shi da wannan sauƙin, domin ɓargon da aka ɗebo daga jikin yaya ko ƙane ta jijiya ake ɗura shi kamar ƙarin jini, ya shige cikin ƙashi inda ido ba ya kaiwa.

Tun daga 1957, lokacin da likita Donnall Thomas ya wallafa gwajinsa na farko na dashen ɓargo a Amurka, wannan tambaya take bin likitoci: jinin da ke fitowa yanzu na wane ne? Da fari rukunin jini ake dubawa, ko kuma a nemi alamar namiji ta Y idan wa ne ya ba ƙanwarsa. In aka yi rashin sa'a jinsinsu ɗaya, rukunin jininsu ma ɗaya, sai aikin ya yi wuya.

A 1984 masanin kimiyya Alec Jeffreys ya gano a Ingila cewa DNA ɗin kowane mutum yana da tambarinsa. A shekarar ce kuma aka ba da rahoton yarinya ta farko da dashen ɓargo ya raba da sikila. Daga shekarun 1990 aka koma ɗaukar samfurin DNA daga mai bayarwa da mai karɓa tun kafin dashe, sannan a riƙa auna jinin majinyacin, galibi wajen kwana 30 da kwana 100, a ga kashi nawa ne na ɓargon da aka dasa.

Ba lallai ne ya kai ɗari bisa ɗari ba. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna yin kwana 120, na sikila kuwa 10 zuwa 20, don haka kimanin kashi 20 kan isa a daina kwanciya ciwo. Abin tsoro shi ne a ga adadin yana ta raguwa.

A Nijeriya an fara wannan dashe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sannan a 2024 Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure, har da na sikila. Nan ne nake ganin iyaye a karkara za su iya ruɗewa: takardar wanda aka yi wa dashe za ta nuna AA ko AS, wato jinin ɗan'uwansa, alhali ƙwayar da zai gadar wa 'ya'yansa tana nan a S ɗinta, kuma wajibi ne a gaya wa dangin amarya haka kafin a kai kuɗin gaisuwa.