Juyen baƙin mai da gyaran matata a babur

Juye shi ne zubar da tsohon baƙin man da ke cikin injin babur, a wanke ko a sauya matatarsa, sannan a zuba sabo. Aiki ne da mai babur zai iya yi a zaure ko ƙofar gida da sifana, mazurari, tsumma da tsohon kwano, kuma babu wani gyara mai arha da ke tsawaita ran inji kamarsa.

A mota, man inji daban, man giya daban. A yawancin babura kuwa, irin su Bajaj Boxer da Honda CG125, mai guda ne ke wanke fiston, ya bi haƙoran giya, ya kuma jiƙa farantan kuloci, ga shi duka bai wuce kimanin lita 1 ba. Injin ba shi da lagireto, iska da wannan man ne ke sanyaya shi. Shi ya sa man babur ke saurin gajiya, musamman a hannun ɗan acaba da ke wuni cikin cunkoso da ƙurar hunturu. Sabon babur ana yi masa juyen farko tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000, domin fitar da ɓurɓushin ƙarfen da sabbin sassa ke zubarwa. Bayan nan sai a bi tazarar da littafin babur ɗin ya ƙayyade, a rage ta idan hanyar turɓaya ce. Babura masu inji mai bugu biyu, kamar Suzuki AX100, ba su shiga wannan lissafi ba, domin man injinsu yana ƙonewa ne tare da fetur. Na giya kaɗai ake juyewa.

Lambobin da ke jikin galan, kamar 20W-50 ko 10W-40, ma'aunin kauri ne na SAE, wata ƙungiyar injiniyoyin motoci: ta farko kaurin man cikin sanyi, ta biyu bayan inji ya ɗau zafi. Akwai kuma alamar JASO MA, ma'aunin da Japan ta fito da shi a 1998 domin baburan da kulocinsu ke cikin mai. Wasu mayukan mota na ɗauke da sinadaran ƙara santsi da ke sa kuloci zamewa, a murɗa totur inji ya yi kuka amma babur bai ja ba. Man awo da ake ɗura wa mutum a tsohuwar kwalba ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan shaidu, kuma arharsa ba ta kai kuɗin ɗaure injin da ya buga ba.

Ana fara aikin da tayar da inji na minti uku zuwa biyar, don man ya tsinke ya kwaso dattin da ya kwanta. A kashe, a kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai, a buɗe murfin sama, a tara kwano, a kwance notin ƙasa. A kula da salansa, tana ƙuna. Kafin a kawar da kwanon a duba man a hasken rana: baƙi ba laifi ba ne, amma ƙyalƙyalin ƙarfe alama ce ta wani abu na cinyewa a ciki, launin shayi da madara kuma na nufin ruwa ya shiga.

Matata ita ce abin da aka fi mantawa. Manyan babura na da ta gwangwani ko ta takarda, wadda ake jefarwa a sa sabuwa bayan an shafa wa robar bakinta ɗan mai. Ta gwangwani da hannu ake ɗaure ta. Ƙananan babura da yawa kuwa raga ce ƴar ƙarama kamar hular yatsa, da sifirin a bayanta. Ana wanke ta da kananzir, a shanya, a mayar yadda aka same ta. A CG125 da ire-irensa akwai ta biyu a bayan murfin inji na dama, wadda ke juyawa da inji tana watsa datti jikin bangonta har ya daskare kamar laka. Buɗe wannan na bukatar sabon gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo a bakin murfin, don haka akasari aikin bakanike ne.

Wajen mayar da noti a sa sabuwar wosha, a fara murɗawa da yatsu, sannan a ƙarasa da sifana ba tare da ƙarfin tsiya ba. Jikin injin alminiyam ne, zarensa na saurin cinyewa, kuma gyaransa ya fi juyen tsada nesa ba kusa ba. A zuba adadin da aka ƙayyade, a tayar da inji na ɗan lokaci, a kashe, a jira man ya sauka, a auna. A yawancin baburan Honda ɗora geji, wato sandar auna mai, ake yi a bakin ramin zuba mai, ba a murɗa shi ba. Man ya tsaya tsakanin layi biyun da ke jikin gejin. Idan ya zarce yakan yi kumfa ya tura ta roba.

Tsohon man a ɗura shi a galan mai murfi a kai wa masu karɓa. Yana ɗauke da guba, an kuma danganta yawan taɓa shi da cutar dajin fata. Wanda aka zubar a kwata ko ƙasa yana iya tsiyaya har cikin rijiyar unguwa.