Ƙagewar wuya: mene ne ita, kuma me ya raba ta da sanƙarau?

Idan aka ce wuyan mutum ya ƙage, ana nufin tsokokin da ke riƙe da kai sun ɗaure, sun ƙi sakin jiki, har ya kasa waiwayawa dama ko hagu sai da zafi. A sahun salla ake saurin gane mai ita. Liman ya yi sallama, kowa ya juya kansa, shi kuwa sai ka ga ya juyo da ƙirji da kafaɗa gaba ɗaya yana yamutsa fuska. Wasu na cewa wuya ya riƙe, wasu su ce ya sandare, wasu kuma su ce an kwana a kansa. Idan ka je saidaliyya, wato kantin magani, a Makka ko Jidda ka ce musu da Larabci kana da tashannuj a raƙaba, za su gane abin da ke damunka.

Ƙasusuwa 7 ne a wuya, a jere, da faifan guringuntsi a tsakaninsu, laka kuma ta ratsa ta tsakiya. A kansu kai yake zaune, nauyinsa wajen kilo 5. Tsokar da ta fi yawan jawo wannan matsala ita ce wadda ta taso daga gefen ƙasusuwan wuya na sama ta sauko ta kama saman allon kafaɗa. Shi ya sa mai ƙagewar wuya, idan ka ce ya nuna maka wurin, ba tsakiyar ƙeya yake nunawa ba, yatsa yake dannawa a kusurwar da wuya ya haɗu da kafaɗa.

Zaman Saudiyya kuwa cike yake da abubuwan da ke gajiyar da wannan tsoka. Daga Makka zuwa Madina wajen kilomita 450 ne, awa biyar ko shida a bas, mutum ya yi barci a zaune kansa ya langaɓe jikin gilashi, mukayyif, wato na'urar sanyaya wuri, na hura masa sanyi a ƙeya. Ya sauka lafiya lau, sai da asuba ya ji wuya ya ƙi. Haka daren Muzdalifa, inda jaka ko takalmi ke zama matashin kai. Ga masu tura keken tsofaffi a Safa da Marwa, ga direbobin da ke yini a kan sitiyari, ga mata masu aikin gida da ke sunkuye tun safe, ga Hajiya da ta rataya jaka a kafaɗa ɗaya ta zaga kasuwar Shara Mansur tana sayen tsaraba. Sanyin mukayyif ma da nasa rabon, domin jikin da ya jiƙe da gumi ya shiga ɗaki mai sanyi takurewa yake yi, kafaɗu su ɗago, tsoka ta kwana a ɗaure. Damuwa ma haka take yi. Wanda ke tunanin iƙama, wato takardar izinin zama, ko kuɗin haya, duba kafaɗunsa za ka ga sun kusa taɓa kunne.

Amma a ganina babu abin da ya kai waya. A 2014 wani likitan tiyatar ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa cewa idan mutum ya sunkuyar da kai sosai yana duba waya, nauyin da ke sauka a kan wuya yana kaiwa wajen kilo 27. Fiye da rabin buhun shinkafa ke nan, kuma mukan ɗauke shi awa da awanni muna hira da mutanen gida a WhatsApp. Ga wanda shekaru suka ja kuma akwai wani dalilin: guringuntsin wuya yana bushewa yana sirancewa, abin da ake gani a hoton mafi yawan waɗanda suka haura 60, ko da ba ya damun su.

Irin wannan ƙagewar ta tsoka ba ta da haɗari. Cikin kwana biyu zuwa mako guda yawanci takan saki.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne bambancinta da sanƙarau. Mu da muka fito daga Arewa ba sai an ba mu labarinsa ba, annobar 1996 kaɗai ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. A nan ma ya ɓarke a aikin Hajjin 1987, ya sake ɓarkewa a 2000 da 2001, dalilin da ya sa hukumomin Saudiyya suka wajabta wa kowane mahajjaci allurar rigakafinsa, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isowa. Sanƙarau kumburin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne, ba ruwansa da tsoka. Mai ƙagewar tsoka waiwaye ne ke ba shi wahala, amma yana cin abincinsa yana hirarsa. Mai sanƙarau sunkuyawa ce ke gagararsa, haɓarsa ba ta iya taɓa ƙirji, ga zazzaɓi mai zafi, ga matsanancin ciwon kai, ga amai, ba ya son haske, wani lokaci har ya fara sambatu ko ya yi ta barci ba a iya tashinsa. Akan ga ƙuraje ja ko shuɗi-shuɗi waɗanda ba sa dishewa idan aka danna su da kofin gilashi. Jariri kuwa maɗigarsa ce kan kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka mai tsini. Wannan ba a jiran gari ya waye, ba a cewa bari a shafa man zafi a gani. A nan Saudiyya a kira 997, motar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar. Kuma kada wani ya ce ai an yi masa allura, domin allurar ba ta rufe duk ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau ba.

Haka kuma a nufi mustashfa, wato asibiti, idan wuyan ya ƙage bayan hatsarin mota ko faɗuwa, ko zafin na sauka hannu har yatsu su mutu ko abu ya riƙa suɓucewa, ko ƙafafu suka yi nauyi, ko ciwon ya zo da nauyin ƙirji da gumi da zafi a muƙamuƙi, wanda kan zama alamar bugun zuciya. Mai shakka ya kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, likita zai saurare shi.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, maganin haɗin gwiwa ne: kaɗan daga saidaliyya, kaɗan daga gida, mafi yawa daga canza ɗabi'a. Babban kuskuren da ake yi shi ne a kwanta a hana wuyan motsi, ko a sayo abin ɗaure wuya a yini da shi. Tsokar da ba ta motsi ƙara ɗaurewa take yi. A riƙa juya kai a hankali zuwa inda zafi ya fara, a tsaya, a dawo. A kai kunne wajen kafaɗa. A juya kafaɗu baya. Sau da yawa a yini, ba da ƙarfi ba. Gashi yana taimakawa ƙwarai: tawul da ruwan ɗumi, minti 15 zuwa 20, ko a tsaya ruwan wanka mai ɗumi ya zuba a ƙeya. Idan bugewa aka yi ko wurin ya kumbura, ƙanƙara a cikin ƙyalle ta fi dacewa a kwana biyun farko. Panadol ya isa ga mafi yawan mutane. Burufen da danginsa sun fi kama kumburi, amma mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita. Man shafawa irin su Voltaren ya fi sauƙi ga ciki.

Tausa da man zaitun ko man habbatus sauda ba laifi, in dai hannu ne mai taushi, a bi tsokar kafaɗa, a bar gaban wuya inda manyan jijiyoyin jini suke. Hijama kuwa, wato ƙahon da muka sani a wurin wanzamai, mutane da dama na jin sauƙi da ita, kuma a ƙasar nan sana'a ce mai lasisi ƙarƙashin cibiyar gwamnati da ke kula da magungunan gargajiya. Don haka a je inda aka ba izini, inda ake buɗe sabbin kofuna da sabuwar aska a gabanka, ba ɗakin wani a lungu ba. Mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini su fara tambayar likita.

Abu biyu ne ba na goyon baya ko kaɗan. Na farko lalas, ƙona fata da ƙarfe mai zafi, da har yanzu wasu ke yi: tabo yake bari da gyambo, tsokar tana nan yadda take. Na biyu murɗe wuya da masu aski ke yi bayan sun gama, su kama haɓa da ƙeya su fizge har ka ji ƙas. Wasu daga cikin jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta cikin ƙasusuwan wuya suke bi, kuma fizga irin wannan na iya tsaga su ta jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in mai aski ya kai hannu, ka ce masa la, shukran.

Sauran aikin na kwanciya ne da zama. Matashin kai ɗaya, wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa idan an kwanta a gefe, ba uku a jibge ba. A daina kwanciyar rub da ciki, tana barin wuya a murɗe har asuba. A kawar da gado daga saitin mukayyif. A ɗago waya zuwa fuska. Mai tafiya Madina a bas ya naɗe mayafi ko rawani ya tallafe wuyansa kafin barci ya ɗauke shi. Idan an yi duk wannan mako biyu ya wuce wuyan bai saki ba, ko yana tafiya yana dawowa, sai a ga likita ya duba, ya tura wajen masu gashin ƙashi na asibiti.