DIY: abin da kalmar take nufi, da yadda ta sauka a ɗakunanmu

Duk wadda ke leƙa YouTube ko TikTok tana neman dabarar gyaran ɗaki ta sha cin karo da haruffan nan uku, DIY. Ana furta su "di-ai-wai". Gajarta kalmomin Turanci uku aka yi, Do It Yourself, wato "yi da kanka" ko "yi da kanki". Abin da ake nufi shi ne aikin da a da sai an saya a kasuwa ko an kira mai sana'a an biya shi, mutum ya zauna ya yi da hannunsa don amfanin gidansa.

Wannan "don amfanin gidansa" shi ne ya raba kalmar da sana'a. Matar da ke saƙa faifai tana kai wa kasuwa sana'arta take yi, haka mai sassaƙar ƙwarya da marinan Ƙofar Mata a Kano. Amma malamar makaranta da ta sayo faifai shida ta jera su a bangon falonta, ko ɗalibin da ya haɗa kantar littattafai da ragowar katako, su ne ke yin DIY. Ba sai an ƙware ba, kuma ba don a sayar ba. Shi ya sa fassara ta da "aikin hannu" kawai ba ta cika ba, domin aikin hannu ya haɗa da na gwani da na ɗan koyo.

Kalmar ta bazu ne a Amurka da Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mutane da yawa sun mallaki gidajen kansu a lokacin, ga kuɗin aikin kafinta da mai fenti da tsada, sai maigida ya ga gara ya sayi guduma da zarto ya yi abinsa a ƙarshen mako. A watan Agustan 1954 mujallar Time ta sa batun a bangonta. A Ingila wani mutum mai suna Barry Bucknell ya yi fice a talabijin ɗin BBC yana koya wa masu kallo gyaran gida. Daga baya aka buɗe manyan kantuna don irin waɗannan mutane kaɗai, kamar B&Q a Ingila a 1969 da Home Depot da ya buɗe kantunansa na farko a Atlanta a 1979. A can, har yau in an ce DIY abin da ya fi zuwa a rai shi ne fenti, da kafa ƙofa, da gyaran famfo. Intanet ce ta jawo kalmar zuwa ƙananan kayan ƙawa, musamman bayan fitowar Pinterest, shafin da ake jera hotunan dabaru, a 2010.

Da ta iso wurinmu sai ta ɗan sauya kama. A nan kayan aiki ne suka fi ƙwadago tsada, kuma kafinta yana nan a bakin layi, babu wanda zai sayi injin huda bango don ya kafa labule ɗaya. Saboda haka idan Bahaushiya ta ce tana DIY, galibi tana nufin ƙawata ɗaki da abin da ke hannu: gwangwani, kwalba, kwali, ƙyallen atamfa, zare, faifai.

Sunan ne baƙo, aikin kuwa mun gada. Kakata ba ta taɓa biyan kowa ya gyara mata ɗaki ba. Idan za a yi daɓe, matan unguwa ne ke taruwa da madaɓai, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, a yi ta duka ana waƙa har ƙasa ta yi sulɓi ta yi jajawur. Bango kuma da farar ƙasa take shafe shi kafin salla, da tsumma a hannu. Jeren amarya ma dangi ne ke yinsa, gwaggo da inna su yini suna ɗora kwanuka da tasoshi, su sauke, su sake ɗorawa, har sai ido ya gamsu. Abin da ke ba ni takaici shi ne yarinyar da za ta raina wannan, amma ta kwana tana kallon wata a Turai tana manna igiya a jikin kwalba.

Ga wadda ba ta taɓa gwadawa ba, gwangwanin madara ya isa a fara da shi. A wanke shi ya bushe, a danne kaifin bakinsa da bayan cokali don kada ya yanki yaro. A zagaya shi da zare a san faɗinsa, sannan a yanko ƙyallen atamfa da ya fi tsawon gwangwanin da kamar faɗin yatsa biyu. Ƙyallen nan ba sai an saya ba, duk telan da kike kai wa ɗinki yana da buhu guda a ƙarƙashin kekensa, kuma yawanci murna yake a kwashe. A sirka farin gam irin na kafintoci da ɗan ruwa, a shafa da tsohon buroshin haƙori, a ɗora ƙyallen ana ja ana shafe shi da tafin hannu don kada iska ta maƙale ta yi kumburi. A lanƙwasa ragowar zuwa ciki, a sake bi ta sama da gam ɗin siriri. Da fari zai yi fari-fari kamar ya ɓaci, a bar shi a inuwa, idan ya bushe launin zai fito tas, kuma ana iya goge ƙura da ɗanyen tsumma. Ga mazubin cokula, ko na biro, ko na tsinken kitso. Wasu suna dama sitaci maimakon gam, yana kamawa sosai, sai dai kyankyaso yana sonsa.

Bangon faifai ya fi wannan ɗaukar ido. Kafin a taɓa bango, a shimfiɗa faifan a ƙasa, manya da ƙanana, a yi ta matsar da su har tsarin ya kwanta a rai, a ɗauki hotonsa da waya don kada a manta. A nan na yi kuskuren da nake so wata ta kauce masa. Na bi abin da na gani a bidiyo, na manna su da gam ɗin nan mai kama da kyandir da ake narkarwa a bindiga. Sun zauna lafiya duk hunturu. Da zafin Afrilu ya kankama, ɗaki mai rufin kwano, sai na fara jin faɗuwarsu ɗaya bayan ɗaya cikin dare, biyu ma sun taho da ɓawon fenti. Sai da wata tsohuwa a gidanmu ta karɓi allura ta ɗinka ɗan hanci na zare a bayan kowane faifai, aka rataye su a ƙananan ƙusoshi na siminti. Tun daga ranar babu wanda ya motsa, kuma idan ƙura ta yi yawa sai in sauke, in kakkaɓe, in mayar.

Mafi yawan bidiyoyin nan an ɗauke su ne a ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba. Furen takarda yana da kyau ranar da aka yi shi, amma zuwa Janairu ya zama ruwan ƙasa, ba ya wankuwa. Akwatin kwali da aka lulluɓe da yadi, idan ya zauna a ƙasa da damina, danshi zai lanƙwasa shi, gara ta ƙarasa. Tayar mota da ake mayarwa tukunyar fure a tsakar gida, in ba a huda ƙasanta ba, ruwa zai kwanta sauro ya samu gida. Ni dai kafin in fara komai nakan tambayi kaina ko abin zai goge, ko zai jure zafi. Kaba da ƙwarya da yadin auduga da tukunyar ƙasa duk sun ci wannan jarrabawa tun zamanin kakanni.

Ana yawan cewa DIY tana rage kashe kuɗi. Gaskiya ne idan da abin da ke gida aka yi. Amma wadda ta sayi bindigar gam, da fentin feshi gwangwani uku, da duwatsun ado, don ta yi madubi ɗaya, ta lissafa da kyau, wataƙila na kasuwa ya fi mata sauƙi.

Akwai kuma inda "yi da kanka" ke tsayawa. Wayar lantarki, da tukunyar gas, da silin, da duk abin da zai iya faɗowa kan mutum, na masu sana'ar ne, a kira su a biya su. Fentin feshi a waje ake fesa shi, ba cikin ɗaki a rufe ba. Kada a ajiye kyandir ko kaskon turaren wuta kusa da adon takarda da yadi. Gidan da ke da mai rarrafe kuma, duwatsun ado da ƙananan maɓallai a ɗaga su sama, don duk abin da ya tsinta baki yake kai shi.