Waiwaye: Yaran Yahudawa da aka ɓoye a Turai da rigimar da ta biyo bayan yaƙi

A Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Nazi da 'yan korenta sun kashe yaran Yahudawa kimanin miliyan 1.5. Da yawa daga cikin waɗanda suka sha da ƙyar ɓoye su aka yi a gidajen manoma, makarantun kwana na coci da gidajen marayu. A Beljiyam kaɗai, wani kwamitin kare Yahudawa da ke aiki a asirce ya ɓoye yara wajen 3,000. Sai a sauya wa yaro suna, a koya masa addu'o'in Kirista, a ja masa kunne kada ya kuskura ya ambaci asalinsa.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, sai wata sabuwa ta taso. Yawancin iyayen ba su dawo ba. Yaron da aka kawo yana goye ya tashi bai san wata uwa ba sai mai riƙonsa, ga kuma gwaggo ko kawu sun zo neman jininsu.

Rigimar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta Robert da Gérald Finaly a Faransa. A 1944 aka kai iyayensu Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, inda suka halaka. Antoinette Brun, shugabar wani gidan renon yara a Grenoble, ita ta riƙe su. Ta yi kasada da ranta, wannan babu musu. Amma da dangin mahaifinsu suka nemi a ba su yaran, sai ta ƙi, har ta sa aka yi musu baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, a 1948. Kotu ta ce a miƙa su. Maimakon haka, a farkon 1953 wasu malaman coci suka tsallaka da su Sifen. Sai a watan Yuni aka dawo da su, suka tafi Isra'ila wajen gwaggonsu. Robert ya zama likita.

Saul Friedländer kuwa, wanda aka ɓoye a makarantar Katolika a Montluçon ta Faransa, saura kaɗan ya zama fada, wato limamin cocin Katolika. Daga baya ya koma ga asalinsa, ya zama fitaccen masanin tarihin kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa.

Da yawa daga cikin yaran da aka ɓoye sun shafe shekaru ba su buɗe baki ba, domin ana ce musu su masu sa'a ne, ba su ga sansanin 'yan Nazi ba. Sai a 1991 aka yi babban taronsu na farko a New York, inda kusan mutum 1,600 suka hallara, akasarinsu sun haura shekara 50.