Waiwaye: Yadda Ostareliya Ke Tantance Masu Neman Mafaka

Dokar da jami'an Ostareliya ke aiki da ita wajen duba buƙatar mai neman mafaka ta samo asali ne daga yarjejeniyar 'yan gudun hijira da aka ƙulla a Jeniba a shekarar 1951. Yarjejeniyar ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ke wajen ƙasarsa kuma yake da ƙwaƙƙwaran dalilin jin tsoron a musguna masa saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko ƙasarsa ta asali, ko ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a, sannan ta haramta a mayar da shi inda ransa ko 'yancinsa zai shiga haɗari. Ostareliya ta shiga yarjejeniyar a 1954, ta kuma amince a 1973 da ƙarin da aka yi mata a 1967.

Batun bai tayar da ƙura ba sai da kwale-kwalen farko na 'yan Biyetnam ya isa birnin Darwin da ke arewacin Ostareliya a watan Afrilun 1976. Daga nan ne tambaya ta taso: wane irin tsoro ne doka za ta karɓa? Babbar Kotun ƙasar ta amsa a 1989, a shari'ar wani ɗan ƙasar Sin mai suna Chan, inda ta ce ba dole ba ne mai nema ya tabbatar cewa lallai za a cutar da shi. Abin da ake buƙata shi ne haɗarin ya zama na haƙiƙa, ba shaci-faɗi ba, ko da yiwuwarsa ba ta kai rabi ba. Har gobe wannan ne ma'aunin: jami'i yana sauraron bayanin mutum, ya gwada shi da rahotannin halin da ƙasarsa ke ciki, ya auna gaskiyarsa, sannan a binciki lafiyarsa da halayensa da sha'anin tsaro. Tun daga 2012 kuma, wanda bai shiga cikin dalilan nan biyar ba yana iya samun kariya idan hukuncin kisa ko azabtarwa ke jiransa a gida.

Ma'aunin bai sauya sosai ba. Abin da gwamnatoci suka yi ta sauyawa shi ne wanda za a bari ya zo gaban ma'aunin, kuma a ganina nan ne asalin labarin yake. A 1992 aka wajabta tsare waɗanda suka iso ta teku ba biza, a 1999 gwamnatin John Howard ta fito da bizar kariya ta wucin gadi, sannan a watan Agustan 2001 ta hana jirgin ruwan Tampa na ƙasar Norwe sauke mutum 433 da ya ceto. Wannan rikici ne ya haifar da tsarin kai masu nema ƙasar Nauru da ke tekun Pasifik da tsibirin Manus na ƙasar Papua New Guinea, a tsare su a can. Firaminista Kevin Rudd ya soke tsarin a 2008, aka dawo da shi a 2012, kuma Rudd ɗin da kansa ne ya sanar a 19 ga Yulin 2013 cewa wanda ya zo ta kwale-kwale ba zai zauna a Ostareliya ba. Wanda ya sauka ta jirgin sama da biza a hannu kuwa yana iya neman bizar dindindin, ko da labarinsu iri ɗaya ne.

A watan Disamban 2014 majalisa ta rubuta nata bayanin ɗan gudun hijira cikin dokar shige da fice ta 1958, ta gindaya sharaɗin cewa haɗarin ya shafi dukkan sassan ƙasar mai nema. Ta kuma kafa hanyar tantancewa ta gaggawa ga mutum kimanin 30,000 da suka riga suka iso ta kwale-kwale, inda akasari ake sake duba hukunci daga takardu kawai, ba tare da an zaunar da mutum an ji ta bakinsa ba. A watan Fabrairun 2023 gwamnatin Anthony Albanese ta buɗe wa masu bizar wucin gadi kimanin 19,000 hanyar zama na dindindin, kuma a 14 ga Oktoban 2024 sabuwar kotun duba hukunce-hukuncen gwamnati ta fara aiki, aka rushe hukumar da ke sake duba hukuncin tantancewar gaggawar. Sai dai rushewar ba ta soke hukuncin da aka riga aka yanke wa dubban mutanen da aka ƙi buƙatarsu a ƙarƙashinta ba.