Amsa-amo da Ƙirga Gaɓoɓi a Kalmomin Turanci

A Turanci da kunne ake ƙirga gaɓa, da kunne kuma ake gane amsa-amo, domin rubutun harshen ya daɗe da rabuwa da furucinsa.

Gaɓa

Kowace gaɓa tana da sautin wasali ɗaya a tsakiyarta, komai yawan baƙaƙen da suka kewaye shi. Kalmar *strengths* haruffa tara ce amma gaɓa ɗaya. Harafin *e* na ƙarshen *make* ba a furta shi, saboda haka ba ya ƙara gaɓa, sai dai a *table*, inda sautin *l* ke ɗaukar gaɓa ta biyu. Ɗafin *-ed* yana zama gaɓa bayan *t* ko *d*: *wanted* biyu ce, *walked* ɗaya.

Bahaushe yakan yi kuskure a nan, don gaɓar Hausa ba ta farawa da cunkoson baƙaƙe, sai ya cusa wasali a tsakani. Haka *bread* mai gaɓa ɗaya ta koma *burodi* mai uku.

Ana saɓani kan *fire* da *hour*: wasu na furta su gaɓa ɗaya, wasu biyu.

Amsa-amo

Cikakken amsa-amo yana farawa daga wasalin gaɓar ƙarshe da ake ƙarfafawa, ya tafi har ƙarshen kalma, baƙin da ke gabansa kuma ya bambanta. *Nation* da *station* sun dace. *Happy* da *city* ba su dace ba duk da ƙarshensu ɗaya, don ƙarfin yana kan gaɓar farko, alhali a rubutacciyar waƙar Hausa dacewar gaɓar ƙarshe ta wadatar. *Though* tana amsa *go*, ba ta amsa *tough*. Kalmomi irin su *month* da *orange* ba su da abokin amsa-amo cikin kalmomin yau da kullum.

Tarihi

Waƙoƙin tsohon Turanci, kamar Beowulf, ba a gina su kan amsa-amo ba. Maimaita sautin farkon kalmomi ne ke ɗaure ɗango. Amsa-amon ƙarshe ya bazu ne ta tasirin waƙoƙin Latin da Faransanci, musamman bayan Nomawan Faransa, wato mutanen Normandy, sun ci Ingila a 1066. Marubucin waƙoƙi Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya taimaka wajen kafa ɗango mai gaɓa goma, gaɓa mai ƙarfi na bin mai sauƙi sau biyar.

Daga wajen 1400 zuwa kusan 1700 dogayen wasulan Turanci suka sauya furuci. Ana cikin haka William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya yayin da baki ke ci gaba da canzawa. Shi ya sa mai karanta tsofaffin waƙoƙi zai tarar an haɗa *love* da *prove*, waɗanda a yau ido kaɗai ke ganin dacewarsu.

Karin harshe

A yawancin kudancin Ingila, inda ba a furta *r* bayan wasali, *saw* tana amsa *more*. A yawancin Amurka ba haka ba ne.