Waiwaye: Yadda Watan Haihuwa Ya Zama Alƙali A Ƙwallon Yara

Iyaye da masu horar da yara a Amurka sun daɗe suna ce-ce-ku-ce kan ranar da ya kamata a riƙa raba rukunin shekaru a ƙwallon ƙafa na yara. A 2016 ne aka koma lissafi da shekarar haihuwa, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, domin a dace da tsarin gasannin duniya. Iyaye suka yi ta ƙorafin an raba 'ya'yansu da abokan ajinsu. A 2025 manyan ƙungiyoyin wasan yara uku na ƙasar suka yanke shawarar komawa 1 ga Agusta daga kakar 2026, wasu na murna, wasu na cewa an cuci 'ya'yansu. Wanda bai san tushen maganar ba zai ɗauka jiya ta taso, alhali shekara arba'in ke nan ana tafka ta.

Ga yadda abin yake a fili. Yara biyu sun zo gwaji a rukunin 'yan shekara goma, an haifi ɗaya 3 ga Janairu, ɗayan 29 ga Disamba. A takarda sa'o'in juna ne, amma na farkon ya girmi na biyun da kusan shekara guda, wato kashi ɗaya cikin goma na duk rayuwarsu. Ya fi shi tsawo, ya fi shi gudu, in suka yi kafaɗa da kafaɗa ƙaramin ne zai sha ƙasa. Koci na tsaye bakin fili da takarda a hannu, abin da idonsa ya gani shi zai rubuta: "wannan yaron yana da ƙwallo."

Masu bincike a Kanada ne suka fara jan hankali a kai a tsakiyar shekarun 1980, a wasan hoki na kan ƙanƙara, inda Roger Barnsley da abokan aikinsa suka nuna a 1985 cewa haihuwar farkon shekara sun cika manyan ƙungiyoyi. A 1992 suka ga haka a ƙwallon ƙafa, musamman a gasannin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 da 20. A 1994 Ad Dudink ya tabbatar da shi a Holan da Ingila. Duk da haka masu musu ba su rasa abin faɗa ba. Wasu suka ce wataƙila yanayin da aka haifi yaro ne, sanyi ko zafi, ko lokacin da ya fara tafiya da wasa a waje.

Abin da ya kashe bakin wannan musun ya faru a 1997, kuma ba kasafai ake tuna shi ba. A shekarar ce aka mayar da ranar raba rukuni a gasannin matasa na duniya daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Janairu, ƙasashe da dama suka bi, har da Beljiyam. Ba don bincike aka yi sauyin ba, amma ya zama gwajin da babu wata jami'a da za ta iya shirya irinsa: ƙasa ɗaya, yanayi ɗaya, kociyoyin nan dai, filayen nan dai, ranar kaɗai aka matsar. Werner Helsen na jami'ar Leuven da abokan aikinsa suka bi sawun yaran, suka wallafa sakamakon a 2000. Kafin sauyin, haihuwar Agusta zuwa Oktoba ne ake yi wa kallon masu baiwa. Bayan sauyin, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, sai haihuwar Janairu zuwa Maris suka karɓe wannan matsayin, rabon 'yan Agusta zuwa Oktoba ya ragu sosai. Yaron da ake yabo bara bai manta yadda ake buga ƙwallo ba, tsintar kansa ya yi cikin ƙananan yaran rukuninsa, sai idon masu zaɓe ya bar kansa.

An ga makamancin haka a Ostireliya lokacin da ta sauya ranarta a 1988. A Japan, inda lissafin ke farawa a Afrilu, 'yan Afrilu da Mayu ne ke kan gaba. A Ingila kuwa, 'yan Satumba. Duk inda aka kai ranar, can fifikon ke binta. Shi ya sa nake ganin mai fatan matsar da rana za ta kawo adalci ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Komawa Agusta na iya haɗa yaro da abokan ajinsa, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne, amma 'yan Yuli ne za su gaji halin da 'yan Disamba ke ciki.

A ganina, ciwon yana cikin saurin tace yara. Ana ware "manyan 'yan wasa" tun suna shekara takwas ko tara, kuma ana auna koci da kofin da ya ɗauko a ƙarshen kaka. Wanda aka zaɓa ya samu ƙwararren mai horarwa, ƙarin atisaye da wasanni masu zafi, bayan shekara uku ya fi ɗan'uwansa da gaske, sai a ce ai dama an faɗa. Wanda aka bari kuwa benci zai yi ta ɗumamawa har ya gaji. Wani binciken Helsen na 1998 ya nuna haihuwar ƙarshen rukuni kan fara barin wasan tun suna shekara 12, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

An gwada magunguna. Beljiyam ta kafa tawagogin ƙasa na musamman domin yaran da jikinsu bai yi saurin girma ba. A Ingila an shirya gasa a 2015 inda aka haɗa yara bisa girman jiki maimakon shekaru. A ƙungiyar PSV ta Holan an yi wani gwaji mai sauƙi: aka ba yara lambar riga bisa jerin haihuwarsu, aka sanar da masu farautar 'yan wasa ma'anar lambobin, sai fifikon da suke ba manya ya gushe. Sai dai yawancin waɗannan matakai a manyan makarantun horarwa ake ɗaukarsu, kuma kafin a kai can, da yawa cikin ƙananan sun riga sun rataye takalmi.